Gayyar Shayi da Burodi

Akwai wani saurayi ɗan wata unguwar Kiristoci da ke bayan Gozaki, sunansa Istifanus, wanda Allah ya hore wa abu biyu: kan karatu da hannun girki. E, girki na ce, jama'ar wannan shafi, ba hannuna ne ya goce ba. Namiji ne ƙaƙƙarfa, amma in ya tuƙa tuwo sai ka nemi ƙari ba ka sani ba.

A shekarun alif ɗari tara da sittin ne, bayan samun mulkin kai da kaɗan, lokacin jami'ar Zariya tana sabuwa fil. A wancan zamani in yaro ya shiga jami'a, har ƙauyen da ba a san ubansa ba sai an ji labari.

Mahaifin Istifanus ya rasu tun yana ƙarami. Mahaifiyarsa, Mama Rahab, shi kaɗai Allah ya bar mata, ba 'ya mace ko ɗaya. Ita ce a gona, ita ce a gindin murhu. Tun bai kai tsawon taɓarya ba ta jawo shi kusa da tukunya.

"Ran da na kwanta ciwo, wa zai dafa mana?" in ji ta. "Ungo muciya. Ka tuƙa har sai gudajin nan sun mutu."

Da haka ya tashi. Ya iya surfe, ya iya talge, ya iya kaɗa kuka ta fito sumul. Ran da zai tafi jami'a, cikin akwatinsa na ƙarfe har da ƙullin daddawa da garin kuka da busasshiyar kuɓewa.

A cikin motar da ta ɗauke shi daga Malumfashi ta bi da shi ta Funtua ya haɗu da Maharazu, ɗan wani manomi Malam Shitu. Ƙauyensu bai fi tafiyar hantsi a ƙafa ba daga unguwar su Istifanus. Shi ma jami'a za shi. Suna isa kuwa sai aka haɗa su ɗaki ɗaya.

Rayuwar jami'a a lokacin, kai, sai wanda ya gani. Da safe shayi da burodi da ƙwai. Daga nan lacca, daga lacca ɗakin karatu, da yamma a buga ƙwallo ko a kewaye rediyo ana musun siyasa. Wanki ma yi musu ake yi. A ɗakin cin abinci tebur da farin ƙyalle, cokali mai yatsu a hagu, wuƙa a dama, ranar Lahadi kaza.

Ni ban ce abincin ba daɗi ba. Amma cikin da aka raina da tuwon dawa, in ka jera masa dankalin Turawa wata da watanni, sai ya fara cigiya.

Don haka Istifanus ya ware wa kansa ranar Asabar. Yana da wani kawu mai aiki a gonar gwaji ta Samaru, bayan gidansa akwai bishiyar mangwaro. Da hantsi sai ya hau keke ya nufi kasuwa, ya sayo garin dawa da albasa da barkono, ya biya wurin mahauta ya karɓi ƙashi mai ɓargo. Sai gindin mangwaro, ya kafa duwatsu uku ya hura wuta.

In ruwa ya tafasa ya yi talge, ya jefa 'yar kanwa, ya rufe. Kafin talge ya nuna ya daka daddawa da barkono da citta. Sannan ya zuba gari ya kama muciya hannu bibbiyu, yana tuƙi yana rera waƙar coci ƙasa-ƙasa. Lokacin da zai buɗe tukunyar miya ya zuba man shanu, ƙamshi har bakin titi.

Da mutum biyu aka fara. Kafin zangon ya ƙare tabarma ɗaya ta kasa. Ɗan Sakkwato ya zo, ɗan Bauci ya zo, har wani ɗan Ilori da bai taɓa ganin miyar kuka ba, ya ci ya suɗe yatsu ya ce a nuna masa itacen. Kowa ya cire takalmi ya naɗe hannun riga. Wannan ya zo da itace, wancan da goro. In an ƙoshi a baje a inuwa, ana yi wa juna tambayoyin jarrabawa ana dariya, har wani ya ɓingire da barci littafi a kan fuska.

Wani ya taɓa tambayarsa, "Kai ba ka gajiya? Sati guda kana lacca, Asabar kuma hayaƙi?"

Istifanus ya ce, "Ai nan ne nake hutawa. Lissafin da muke yi ba ya ƙarewa, ka gama wannan wani ya taso. Tuwo kuwa, ka ɗora, ka tuƙa, ka sauke, ka ga mutane sun ƙoshi da idonka."

To, sai mutumin naku Maharazu.

Shi tun watan farko ya rikiɗe. Kwat da laktaye ko ana zafin bazara. Tsaga a kai kamar an ja da zare. Wallahi har ayaba da wuƙa da cokali yake cinta. Gindin mangwaro kuwa ko sau ɗaya bai taka ba. A gaban jama'a "Uwargida" yake kiran Istifanus.

"Kai dai ka ba da mu," yakan ce, yana yatsina fuska. "An kawo ka jami'a ka zama mutum, ka ɓige da hura wuta. Ji rigarka, duk warin daddawa. Buɗe taga, don Allah."

Istifanus sai dai ya yi dariya ya buɗe taga.

Amma ku ji abin haushi. Duk Asabar Istifanus yakan dawo da malmala biyu da miya cikin kwanon rufi, ya ajiye a kan tebur, ya fita shan iska bai ce komai ba. In ya dawo sai ya tarar da kwanon an wanke tas an kife. Shi bai taɓa tambaya ba, Maharazu kuma bai taɓa godiya ba. Ka ci na mutum a ɓoye, ka ci mutuncinsa a fili! Ni wannan hali ne ba na iya shanyewa.

Ana nan har suka gama shekara ta biyu, aka ba da dogon hutu. Damina ta riga ta zauna.

Maharazu ya isa gida ya tarar da abin da bai zata ba. Malam Shitu ya hau gyaran jinkar rumbu ya faɗo, cinya ta karye. Maɗori ya ɗora shi, yana kwance a ɗakin da ke jikin zaure, ko juyawa sai an taimaka masa. Ya samu ya yi shuka kafin ya faɗi, amma ko noman farko ba a yi ba. Ciyawar harƙiya ta kere dawa, dawar ta yi rawaya ta siririce. Gonar nan kuwa ita kaɗai ce abincin gidan na shekara, kuma ba wani babban ɗa namiji sai Maharazu.

Mafita ɗaya ce, gayya.

Ga yaran yanzu da ba su san ta ba, gayya ita ce a kira mazan gari su taru a gonar mutum ɗaya da fartanyoyinsu, ana kiɗa ana noma, su gama a wuni guda abin da zai ɗauke shi wata. Ba a biyan kowa. Abu ɗaya ne a wuyan mai gona: ya ciyar da su su ƙoshi.

Sarkin Noman ƙauyen, wani dattijo mai suna Mati, shi ke raba ranaku. Ya duba ya duba, ya ce wa Maharazu, "Ɗan Malam, don darajar mahaifinka na matso muku ranar Alhamis. Amma ka sani rana ɗaya ce. Kowa tasa gonar na jiransa. In wannan ta wuce ba ni da wata."

Istifanus ya ji labarin karayar, ya zo dubiya. Ya durƙusa ya gaida Malam Shitu, ya yi masa fatan sauƙi. Da Maharazu ya rako shi waje sai ya ce, "Na ji an sa gayya Alhamis. Girkin mutum da yawa ba wasa ba ne. In zo tun Laraba in taya Innarka?"

Maharazu ya tsaya cak, ya waiga ko wani ya ji.

"A garinmu? So kake a yi da ni har in mutu? Nan ba Samaru ba ce. In za ka zo ka zo da fartanya kamar kowane namiji. Abinci kuwa na riga na tsara. Za ka ga yadda ake gayyar zamani."

"To, Allah ya kai mu," in ji Istifanus.

Kashegari Maharazu ya shiga mota sai Funtua. Ya dawo da buhun burodi, da ganyen shayi, da sukari, da madarar gwangwani, da kifin gwangwani. Irin abin da ya ga ana ba manyan baƙi a filin jami'a ke nan, shi ne ya ƙudurta zai ba manoma.

Ran Laraba matan maƙwabta suka shigo da taɓarensu kamar yadda aka saba, don a yi surfe a kai niƙa tun da wuri. Mahaifiyar Maharazu, Inna Tsohuwa, har ta fito da dawar da ta ɓoye domin wannan rana. Sai ga Maharazu.

"Ku koma ku huta," in ji shi. "Gayyar bana ba ta hayaƙi ba ce. Zamani ya wuce nan."

Matan suka dubi juna, suka ɗauki taɓarensu suka fita, ko sallama babu.

Inna Tsohuwa ta riƙe haɓa. "Kai ɗan nan, mazan da za su wuni a duƙe, su za ka ba burodi?"

"Inna, ku ba ku san yadda ake karɓar mutane yanzu ba. Manyan ƙasar nan ma da wannan ake tarbarsu."

Ta je ta gaya wa maigidan. Malam Shitu ya ce, "Ƙyale shi. Shi ya yi karatu, ya fi mu sani." Wannan magana tana sosa mini rai. Tsoho kwance, abincin shekararsa a hannun yaro, ya kuma yarda da shi.

Ran Alhamis tun sanyin safiya maza suka cika gona. Istifanus ma ya zo da fartanyarsa, ya baro tasu gonar audugar da ke jiran hannu. Makaɗi ya saki gangar noma, kowa ya kama layinsa, ƙasa na tashi, ana kirari ana ihu. Daga inda yake kwance Malam Shitu yana jin gangar, yana gyaɗa kai.

Hantsi ya dubi ludayi, ciki ya fara kira. Sai ga Maharazu ya sa an kafa tebur a gindin ɗorawa, har da farin ƙyalle. Ya yanka burodi fale-fale, ya shafa kifi a tsakani, ya jera a faranti. Ga tukunyar shayi tana tururi. Shi kuma yana tsaye da laktaye, hannu a baya.

Maza suka ajiye fartanya suka zo, gumi na zuba. Wani ƙato ya haɗa yanka huɗu ya dunƙule ya jefa baki, loma ɗaya. Wani ya kurɓi shayi ya ƙone harshe. Kafin ka ce me, faranti ya koma fari.

Sarkin Noma Mati ya goge baki ya ce, "Madalla da abin taɓawa, ɗan Malam. To, a kawo abincin."

"Ai shi ne wannan," in ji Maharazu.

"Wanne?"

"Wanda kuka ci."

Tabɗijam! Makaɗi ya sauke ganga daga kafaɗa.  Wani ya tuntsure da dariya, amma shi kaɗai ya yi. Sauran fuskokinsu ba wasa.

Mati bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Yaro, ba wulaƙanci muka zo yi wa gidanku ba, kuma ba mu zo a yi mana ba. Mutanen nan da yawansu ko koko ba su sha ba suka fito, don sun san gidan Malam Shitu ba a zuwa a dawo da yunwa. Fartanya ba ta tafiya da ruwan zafi. Za mu zauna a inuwar nan mu yi azahar. In mun sallame ba mu ga tukunya ba, kowa ya san hanyar gonarsa."

Maharazu ya waiga. Ya dubi gona, ko sulusi ba a yi ba. Ya zuba a guje zuwa cikin gari, gida-gida yana sallama. Matan duk sun tafi bikin suna a wani ƙauye, tunda an ce ba a bukatarsu. Wata tsohuwa ɗaya da ya samu ta leƙo ta katanga ta ce, "Ba kai ne ka ce zamani ya wuce hayaƙi ba?" Ta koma ciki abinta.

Ya shiga gida ya tarar da Inna Tsohuwa zaune ta rafka tagumi. "Ko na ɗora ruwa yanzu, ina gari?" in ji ta. "Dawa ko surfawa ba a yi ba. Tuwon maza arba'in ba ya fitowa kafin azahar, ko aljanu ne ke tuƙi."

Daga ɗakin zaure muryar Malam Shitu ta fito a raunane. "Me ya sa ganga ta yi shiru?"



Maharazu ya koma gona yana jan ƙafa. Mutum ɗaya ne kawai bai zauna ba. Istifanus yana can ƙarshen layinsa, yana ta noma shi kaɗai. Maharazu ya je ya tsaya a kansa. Sunan da ya saba kiransa da shi ya maƙale.

"Istifanus," in ji shi a ƙarshe. "Ka rufa mini asiri. In mutanen nan suka tashi, gidanmu ba abinci bana."

Jama'a, da ni ne, wallahi sai na ja masa rai ko na minti biyar. Sai na tuna masa warin daddawa. Amma Istifanus ba irina ba ne. Ya miƙe ya karkaɗe hannu ya ce, "Akwai dawa?"

"Akwai."

"Gyaɗa fa? Daddawa?"

"Inna ba ta rabuwa da su."

"Na ga yakuwa da alayyafo a bayan danganku. Tuwo ba zai yiwu ba, amma fate zai yiwu, don shi ba ya son gari, tsaki yake so. Sai dai ni kaɗai ba zan iya ba. Ni wuta da miya, kai turmi."

"Ni?"

"Kai. Kuma ni baƙo ne, ba zan kutsa cikin gidan mutane ba. A fito da turmi da tukwane ƙofar gida."

Maharazu ya dubi ƙofar gidansu, wadda take kan hanyar da duk gari ke bi.  Ya kwance laktaye ya cusa a aljihu.

Haka aka yi. Inna Tsohuwa tana miƙo kaya ta zaure. Istifanus ya kafa duwatsu, ya ɗora manyan tukwane biyu, ya hura wuta. Ya yayyafa wa dawa ruwa ya zuba a turmi, ya miƙa wa Maharazu taɓarya.

Sarar farko dawa ta watse har ƙofar zaure.

"Ba faɗa kake da ita ba," in ji Istifanus. "Ɗaga ka saki, nauyinta zai yi aikin. Tsakiya za ka nufa."

Maharazu ya ɗaga ya saki, ya ɗaga ya saki. In turmi ɗaya ya surfu a miƙa wa Inna ta bakace ta dawo da shi, a sake zubawa a farfasa ya zama tsaki. Masu wucewa suka fara tsayawa. Wata mai tallar nono ta sauke ƙwaryarta don ta kalla da kyau. Wani dattijo a kan jaki ya ce, "Ikon Allah! Ɗan jami'a ne da taɓarya?" Maharazu bai ɗaga kai ba. Tafin hannunsa ya yi ƙuna, ya tashi, ya fashe, bai tsaya ba.

Shi kuwa Istifanus ko a jikinsa. Yana cikin abin da ya fi so. Ya tsinko yakuwa da alayyafo rungume guda, ya wanke ya yayyanka. Ya daka gyaɗa da daddawa da barkono ya zuba a ruwan da ke tafasa. Ya hango ragowar kifin gwangwani ya ce a kawo, ya juye duka a tukunya. "Ba laifin kifin ba ne," in ji shi. "Wurin zamansa ne ba a ba shi ba."

Ya riƙa zuba tsaki da hannu ɗaya yana juyawa da ɗaya don kada ya dunƙule. Da ya fara kauri ya zuba ganye, ya rage wuta, ya rufe. Can da ya buɗe, tsamin yakuwa da ƙamshin gyaɗa suka cika unguwa. Ya ɗiba a ludayi ya miƙa ta zaure. Inna Tsohuwa ta ɗanɗana, ta ce, "Ɗan nan, Allah ya yi wa wadda ta haife ka albarka. Ƙara gishiri kaɗan."

Ana cikin haka ladan ya kira azahar.

Suka juye faten cikin masakai, wato manyan ƙore. Istifanus ya naɗa gammo ya ɗora wa Maharazu ɗaya a ka, shi ma ya ɗauki ɗaya. Suka ratsa tsakiyar gari da sassarfa, fate na zafi yana ɗiga a wuyan farar rigar Maharazu.

Da suka iso gona an riga an sallame. Waɗansu sun saɓa fartanya sun tafi, ana hango bayansu a kan hanya. Sauran suna miƙewa. Maharazu ya sauke masaki a gaban Mati, ya durƙusa, abin da bai yi wa kowa ba tun da ya sa kwat.

"Sarki, na yi kuskure. Ku yi haƙuri ku ci."

Mati ya dube shi, ya dubi masakin. Ya karɓi ludayi ya kai baki. Ya sake kaiwa. Ya waiwaya ya ce wa jama'a, "Ku zauna."

Kai, ranar an ci fate! Ana ci ana gumi ana shan ruwa ana ƙari. Ƙaton nan mai loma ɗaya sai da ya kwance ɗamara. Maharazu da kansa yake zagawa da ludayi, wanda ya tsokane shi ya ce "a ƙara mini shayi", sai ya sunkuyar da kai ya zuba masa fate.

Mati ya tambaya, "Wace ce ta yi wannan girki? Na san hannun matan garin nan duka, wannan baƙon hannu ne."

Maharazu ya nuna Istifanus. "Abokina ne, Sarki. Ɗakinmu ɗaya a jami'a. Shi ya dafa."

"Namiji?"

"Namiji," in ji Istifanus, yana murmushi. "Mahaifiyata ce ta koya mini."

Mati ya tambaya ko ɗan wane ne, aka gaya masa ɗan Rahab ne ta bayan Gozaki, wadda mijinta ya rasu, kuma audugarsu ma tana can cikin ciyawa. Dattijon ya gyaɗa kai. Ya ɗaga murya ya ce, "Na ce ba ni da sauran rana, kuma ba ni da ita. Amma Talata mai zuwa ranar gonata ce. Na ba wa Rahab. Wanda ya ci faten nan, mu haɗu a can."

Ba wanda ya ce a'a. Istifanus ya kama hannun Mati da hannu biyu.

Makaɗi ya rataya ganga ya buga. Maza suka koma layi da ƙarfin da ya fi na safe. Aka yi ta yi har rana ta yi ja. Amma lokacin da aka ɓata ya riga ya ɓaci, waɗanda suka tafi kuma ba su dawo ba. Aka gama babbar gona tas, ɓangaren bakin rafi ya rage.

Mati ya nuna wurin da fartanya. "Wancan naka ne, ɗan Malam. Hutunka dogo ne."

"Na ɗauka, Sarki," in ji Maharazu.

Da magariba ta gabato ya rako Istifanus har bakin rafi. Da za su rabu ya ce, "In mun koma, akwai wuri a tabarmar nan ta Asabar?"

"Akwai. Amma wanda ya zo sai ya yi aiki."

Maharazu ya dawo gida ya shiga ɗakin mahaifinsa ya durƙusa. Ya buɗe baki zai ba da haƙuri, Malam Shitu ya ɗaga masa hannu.

"Na ji komai," in ji tsohon. "Da ganga ta yi shiru, na juya fuskata bango na ce shi ke nan, bana sai roƙo. Sai kuma na ji ana daka a ƙofar gida, daka irin ta wanda bai iya ba. Na tambayi uwarka wace ce, ta ƙi faɗa. Miƙo hannunka."

Maharazu ya miƙa. Tafin duk ya saɓule, jini ya bushe a gindin yatsu. Malam Shitu ya riƙe hannun ya daɗe yana dubawa, idonsa ya kawo ruwa.

"Shekara biyu kana zuwa hutu gidan nan," in ji shi. "Yau ne ka dawo. Sannu da zuwa."

Darasi: Kada karatu ko muƙami ya sa ka raina abincin da ya raine ka da hannun da ke dafa shi. Girki ba abin kunya ba ne ga namiji ko mace, kuma wanda kake yi wa dariya yau yana iya zama shi zai rufa maka asiri gobe. In kana da aboki irin Istifanus ka gode masa a fili, in kuma an raina ka kada ka fasa alheri. Ku tura wannan labari ga ɗalibanmu da ke makarantu, da duk wanda ya daɗe bai ce wa mai dafa masa abinci sannu da aiki ba.